A sa igiya a auna rijiyoyinmu tun ruwan bai yi nisa ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan ruwan da ke ƙarƙashin ƙafafunmu. Ni tsohon malamin labarin ƙasa ne, na fara riƙe alli tun muna cikin tsohuwar Jihar Sakkwato, na kuma ajiye shi a Jihar Kebbi. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, haƙar rijiya ce sana'arsa. Don haka maganar ruwa a gida na tarar da ita kafin in same ta a littafi.

Rijiyar masallacin unguwarmu ce ta sa na ɗauki biro. Bazara biyu ke nan a jere muna ƙara wa guga igiya. Bayan sallar La'asar dattawa kan zauna a kan tabarma ana ta musu. Wannan ya ce injinan ban ruwa na fadama ne suka janye ruwan, wancan ya ce burtsatsen gidajen masu hali ne, wani kuma ya ce damina ce ta yi gardama. Kowa da hujjarsa, kuma kowace hujja tana da ƙamshin gaskiya. Amma da na tambaya ko akwai wanda ya san gaba nawa ruwan yake a bara war haka, sai wuri ya yi tsit. Abin ya tsaya mini a rai, domin na san ba unguwarmu kaɗai ke cikin wannan duhu ba.

Ina ɗan shekara goma sha biyu mahaifina ya tafi da ni wani ƙauye a ƙasar Sakkwato, can wajen Kware, inda aka kira shi aiki. Aikina jan kwandon ƙasa da miƙa ruwan sha. A wajenmu na saba ganin dagi yana cin jar ƙasa, sai laka, sai yashi mai danshi, daga nan ruwa ya fara tsattsafowa a hankali ta kowane gefe. A can kuwa bayan gaba kaɗan sai muka tarar da farin dutse. Kwana da kwanaki ana sara, ƙura fara fat ta rufe mahaifina har gira, rami kuwa a bushe ƙayau. Mai gari ya fara maganar a haƙura. Mahaifina ya fito, ya zagaya, ya tsaya wani ɗan kwari da bai fi taku talatin ba daga ramin farko, inda ciyawa ta fi ta ko'ina kore, ya ce a sake a nan. A rana ta shida ina riƙe da igiya na ji ya yi salati daga ƙasa. Dagin ne ya kufce masa ya zurma cikin wani rami a jikin dutsen, sai ga ruwa yana bulbulowa mai sanyi, har ya kai masa gwiwa kafin mu jawo shi.

Da dare na tambaye shi yadda aka yi rami biyu maƙwabtan juna, ɗaya ƙishirwa ɗaya ƙoshi. Ya ce da ni: "Wanga dutsi ba shi riƙon ruwa awa yashi, hanya garai. In ka dace da hanyatai ka sha, in ka kuskure ta ko da taki guda, ka yi aikin banza." Ba mu bar garin ba sai da aka yi ruwan farko mai ƙarfi. Washegari da safe matan da suka je ɗiba suka dawo da ruwa ya yi gurɓai, har da ɓuntun gero yana yawo a kai, alhali bakin rijiyar a ɗaure yake da siminti, ba ta inda kwata za ta faɗa. Ta ƙasa ya biyo. Mahaifina ya leƙa tulun ya ce: "Abin da ya shiga da sauri, da dauɗatai shika shiga." Ya sa aka kawar da turken shanun da ke kusa da kwarin.

Sai da na shiga kwalejin horon malamai na gane cewa abin da ya gani da ido yana da suna a ilimi. Wannan farin dutse shi ne dutsen farar ƙasa, irin wanda ake fasawa a Kalambaina ana yin siminti, kuma masana ma sunan Kalambaina suka ba shimfiɗar dutsen. Ruwan sama kan kwaso iskar kabon daga sarari da kuma cikin ƙasa inda saiwoyi ke numfashi, sai ya ɗan yi tsami. Tsamin ba ya kai wanda harshe zai ji, amma cikin dubban shekaru yana lasar dutsen, ƙaramar tsaga ta zama kafa, kafa ta zama rami, rami ya zama kogon da ruwa ke gudu a ciki kamar kwalbati. Irin wannan ƙasa Turawa na ce mata kast, sunan wani tudu ne da ke tsakanin Sulobeniya da Italiya, kusa da birnin Tiriyeste, inda aka fara nazarinta sosai.

Akwai labarin da na fi son ba ɗalibaina. A kudancin Jamus, kusa da garin Immendingen, kogin Danub yakan nutse cikin ramukan gindinsa, wani lokaci ya ƙafe ƙaf mutum ya taka a ƙasa. A 1877 wani masani mai suna Adolf Knop ya zuba gishiri da koren rini a inda ruwan ke ɓacewa. Bayan kamar kwana biyu da rabi sai ga launin ya ɓullo a marmaron Aach, kilomita 12 daga wurin. Ruwan da ya kamata ya bi Danub zuwa gabas, ashe ta ƙarƙashin tudu yake sulalewa ya koma kogin Rayin. Idan da cikin yashi ne, tafiyar kilomita 12 sai ta ci wa ruwa shekaru masu yawa.

Kada a ɗauka ƙaramin abu ne. Taswirar duniya ta irin waɗannan duwatsu da aka fitar a 2017, da lissafin da ya biyo bayanta, sun nuna cewa kusan kashi 15 cikin ɗari na doron ƙasar da ƙanƙara ba ta rufe ba irin wannan dutse ne, kuma mutum sama da biliyan ɗaya ne ke zaune a kansa. Birnin Biyana na Ostiriya tun 1873 yake shan ruwan marmaro daga duwatsun Alf. Rum haka, Dimashƙa ma da marmaron Fija ta daɗe tana rayuwa, San Antoniyo ta Amurka kuma da ruwan dutsen Edwards.

To, ga inda maganar ta fi jan hankalina. Wani tsohon ɗalibina da ya karanci ilimin duwatsu ya turo mini wani bincike a waya, muka yi dare biyu yana warware mini shi. Tambayar da masanan ke bi ita ce: cikin ruwan da sama ke zubarwa a shekara, nawa ne ke kaiwa ga taskar ƙasa, wato ruwan da ke taruwa a ƙarƙashin ƙasa? Ba wanda zai iya shiga ƙasa da mudu, don haka ake kwaikwayon abin da lissafi a kwamfuta. Akan yanka taswirar duniya gida-gida kamar daran ƙasa, a yawancin irin wannan lissafi kowane gida faɗinsa ya kai kilomita 50, wato kusan tafiyar Argungu zuwa Birnin Kebbi. Sai a ɗauki kowane gida tamkar tukunya guda mai cike da ƙasa iri ɗaya, zurfi ɗaya. A zuba mata ruwan saman ranar, a cire abin da rana ta ƙone da wanda tsirrai suka sha, a cire wanda ya malale zuwa gulbi. Sai ƙasar ta jiƙe sharkaf sannan abin da ya rage ya tsiyaya ƙasa. A ƙasa mai zafi, lissafin kan nuna cewa rana da tsirrai sun cinye kusan duka.

Andreas Hartmann, wanda a lokacin yake Jami'ar Freiburg ta Jamus, da abokan aikinsa suka ce wannan tukunya ba ta yi kama da ƙasar farin dutse ba. A can wani wuri ƙasar ba ta fi tafin hannu kauri ba, wani wuri kuma aljihu ne mai zurfi, ga ramuka da ke haɗiye ruwa kai tsaye. Sai suka gina nasu lissafin mai suna VarKarst, inda suka raba kowane gida zuwa tukwane da yawa, manya da ƙanana. Ƙananan kan cika nan da nan, su tumbatsa, ruwan ya gangara ya taru a wuri guda ya faɗa rami tun rana ba ta same shi ba. Suka gwada a yankunan farin dutse na Turai da Arewacin Afirka da Gabas ta Tsakiya, waɗanda suka kai kusan rubu'in ƙasar yankin. Sakamakon da suka buga a 2017 ya nuna cewa ruwan da ke shiga ƙasa a wasu wuraren ya kai ninki huɗu na abin da tsohon lissafi ke faɗi. Sun kuma ga cewa jimillar ruwan shekara ba ita kaɗai ce abin dubawa ba. Yadda ruwan ya sauko ma yana da nasa hukunci: mamako ɗaya mai ƙarfi yana iya cika taska fiye da yayyafi goma.

Ina karantawa ina ganin mahaifina tsaye a bakin wancan kwari. Na yi murna da masu ilimi suka iso inda ya tsaya, kuma na yi baƙin ciki da ba a taɓa tambayar irinsa ba.

Sai dai ninki huɗun nan ba kyauta ce zalla ba, kuma su masanan ba su ɓoye ba. Ruwan da ya shiga da gudu yakan fita da gudu ta marmaro, ba lalle ya jira ka har bazara ba. Na biyu, yashi da laka matata ne, suna tace ruwa a hankali har ƙwayoyin cuta su mutu a hanya, rami kuwa ba ya tace komai. A 2021 Hartmann da abokansa sun sake fitar da wani binciken da ya nuna an raina haɗarin gurɓatar ruwan ƙasa a irin waɗannan wurare, har suka kawo misali da maganin kashe ciyawa na gilaifoset, wanda manomanmu ma ke fesawa kowace damina. A watan Mayun 2000, a garin Walkerton na Kanada, an yi ruwa mai ƙarfi ya wanke kashin shanu daga wata gona, ya bi tsagogin dutse ya shiga rijiyar gari, ga kuma sakaci wajen sa maganin tace ruwa. Mutum 7 suka rasu, sama da 2,000 suka kwanta. Turken shanu kusa da rijiya ke nan, abin da mahaifina ya sa aka kawar.

Mai karatu zai ce, Malam, mu ina ruwanmu, Kebbi ai ba a kan farin dutse take ba. Gaskiya ne, kuma ba zan ƙara gishiri ba. Farin dutsen Kalambaina a wajen Sakkwato ya fito fili. Mu nan Argungu da Birnin Kebbi da Gwandu a kan yashi da laka muke, shimfiɗar da masana suka sa wa sunan Gwandu. Zuru da Yawuri, da Gusau can Zamfara, a kan tsohon dutse mai tauri suke, inda ruwa ke maƙalewa a ruɓaɓɓen saman dutsen da cikin tsagogi, shi ya sa ake haƙa burtsatse a can a tashi a tutar babu, a matsa kaɗan kuma a samu. Fadama ita ma da nata hali. Jiha ɗaya, ƙasa kala-kala. Wanda ya ba mu lamba ɗaya ya ce ga abin da ke shiga ƙasar Kebbi a shekara, ya maimaita kuskuren tukunya guda.

Kuma farin dutsen bai rabu da mu ba. Rahoton da Anderson da Ogilbee na hukumar binciken ƙasa ta Amurka suka fitar a 1973, bayan aikin da suka yi tare da takwarorinsu na Najeriya, ya bayyana cewa marmaron da ke fita daga dutsen Kalambaina ne ke riƙe gulbin Rima da gudu a wajen Sakkwato duk shekara. Wannan gulbi shi ne ke gangarowa ya wuce ta ƙofar gidanmu. Rahoton ya kuma yi maganar burtsatsen da aka haƙa a fadama cikin shimfiɗar Gwandu, ruwa na tunkuɗo kansa sama ba tare da inji ba. Tsofaffinmu sun ga wannan da idonsu. Yau shekara hamsin da ɗoriya ke nan, ya kamata a ce kowane ɗan sakandare a jihar nan ya san ko ƙarfin wannan ruwa yana nan ko ya ragu, da kuma nawa ya ragu.

Darasin da ya fi kusa da mu yana hayin iyaka. A kudu maso yammacin Nijar, wajen Yamai, shimfiɗar ƙasarsu ɗaya ce da tamu ta Gwandu, duk cikin babban kwarin Iullemmeden da muka haɗa da su da Mali. Masu bincike na Faransa da Nijar sun bi awon rijiyoyi suka ga ruwan ƙasa ya hau da kusan mita 4 tsakanin 1963 da 2007, duk da farin da aka sha a shekarun 1970 da 1980. Dalili shi ne an sare daji an yi gonakin gero, ƙasa ta yi ɓawo, ruwan sama ya daina tsayawa inda ya sauka, sai ya kwarara ya taru a tafkuna, daga gindin tafkin kuma ya sulale ƙasa. Ba ina yabon sare itace ba ne, don abin ya zo da zaizayar ƙasa da lalacewar gonaki. Abin lura shi ne ko a ƙasar yashi, ruwa ƙofa yake bi, kuma ƙofar ita ce tafki da kududdufi da gindin rafi. Wani babban bincike na 2019 da ya tattara dogon awon rijiyoyi daga ƙasashen Afirka 9 ya ƙarfafa wannan: a wurare masu ƙarancin ruwa, taskar ƙasa ta fi samun rabonta a shekarun mamako da ambaliya. Ambaliyar 2020 da ta cinye mana shinkafa ta sa mu kuka, amma da akwai mai awo a lokacin, da mun san abin da ta bar mana a ƙasa.

Yanzu dubi yadda muke yi da waɗannan ƙofofi. Kududdufin da muka yi wanka a ciki muna yara, wanda ke bayan makarantar allo, yau rabinsa bola ce: leda, batir, matattun kaji, gwangwanin maganin feshi, har da kwatar bayan gida da wasu suka karkato. Ɗaya rabin an cike shi da ƙasa an yanka fuloti. Mun toshe rabin ƙofa, mun zuba dauɗa a sauran rabin, sannan mu zauna a masallaci muna mamakin rijiya. Duk sanda na bi ta wurin sai na ji zuciyata ta yi nauyi, domin jikokina daga rijiyar da ke ƙasa da shi suke sha.

Ta ɗaya gefen kuma ja muke yi ba ƙaƙƙautawa. Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi a watan Nuwamban 2015, noman rani ya bunƙasa, kuma na gode wa Allah, na ga gidajen da suka samu rufin asiri ta dalilinsa. Da can tsadar fetur kan sa manomi ya kashe inji da zarar fangali ya cika. Yanzu da sola ta shigo, rana kyauta ce, sai ka wuce gona da azahar ka tarar da tiyo na ta zuba, ruwa ya cika ya malale hanya, mai gonar yana gida. Ban ce a hana kowa ba. Mai yiwuwa ma taskar tamu ta fi yadda muke tsoro, kamar yadda ta bayyana a ƙasashen farin dutse. Amma mai shago da ba ya duba abin da ya shigo, sai abin da ya fita kawai, ba ya sanin ranar da zai rufe.

Abin da na fahimta daga tsohon ɗalibina shi ne duk ƙwarewar kwamfuta, sai an ba ta awo na gaskiya ake gane ko lissafinta ya dace. Turai sun iya gyara nasu ne don suna da marmaro da rijiyoyin da aka yi shekaru aru-aru ana rubuta halinsu. Mutanen Nijar sun gano nasu don wani ya jure yana zura ma'auni a rijiyoyin ƙauye. Idan ba mu da namu, masu lissafin duniya za su cike gidanmu a taswira da ƙiyasi, kuma da wannan ƙiyasi za a tsara mana ayyukan ruwa.

Don haka ga roƙona, kuma ba mai tsada ba ne. Ma'aikatar ruwa ta jiha, da Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, da hukumar kula da al'amuran ruwa ta ƙasa, su zaɓi rijiyoyi a kowace ƙaramar hukuma, wasu a fadama, wasu a tudu, wasu a ƙasar dutse ta Zuru da Yawuri, wasu kusa da tafki, a riƙa auna su a rana ɗaya kowane mako. Makarantun sakandare za su iya riƙe wannan aiki. Malamin labarin ƙasa, ɗalibai biyu, tef ɗin awo, ma'aunin ruwan sama a tsakar makaranta, da littafi mai bango mai ƙarfi, sun isa. Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da jami'ar jiha da ke Aliero su karɓi lambobin su adana, su kuma buga su a fili da Hausa yadda manomi zai ji a rediyo. Duk mai haƙa burtsatse a wajabta masa rubuta irin ƙasar da ya ratsa da zurfin da ya samu ruwa, ya miƙa kwafi. Sarakunanmu da hakimai kuma su sa baki a daina yanka tafkuna fuloti, a daina mai da su juji. Sannan a nemi tsofaffin mahaƙa rijiya da suka rage, a zauna da su da na'urar ɗaukar murya. Kowannensu yana ɗauke da taswirar ƙarƙashin garuruwa da dama a kansa, kuma kullum raguwa suke yi.

Ni dai na fara da abin da nake iyawa. Na samu igiya na ƙulla mata ƙulli a kowane rabin mita, na ɗaura ƙaramin kwano a bakinta don in ji ƙarar taɓa ruwa. Kowace Juma'a bayan sallar Asuba, kafin mata su fara ɗiba, nakan je rijiyar masallaci da jikana, shi ya zura, ni in rubuta kwanan wata da adadin ƙulli, da ko an yi ruwa a makon. Liman ya ba mu wuri a kan taga muna ajiye littafin. Duk malamin makaranta ko ɗalibin jami'a da ke son ganinsa, ko yake son mu haɗa namu da nasa, ya biyo ta hannun jaridar nan, za a same ni.

Na gode da fili. Allah ya ba mu damina mai albarka.

Naku,
Tsohon malamin labarin ƙasa,
Argungu, Jihar Kebbi.